Bauci Da Injin Tace Ruwan Gishiri: Ina Maganin Yake?

'Yan Arewa mazauna Ikko da Fatakwal sun san wahalar ruwan zartsi. A wasu unguwannin bakin teku, kamar Lekki, mutum zai kashe kuɗi ya haƙa rijiya, amma ruwan ya fito da gishiri. Saboda haka masu hali suke sayen injin tacewa, har wasu suna cewa a kai irinsa gida Bauci. To, maganar tana bukatar a auna ta.

Ga yadda injin yake aiki. Ana tura ruwa da ƙarfi ta cikin wani tantani mai ƙananan ƙofofi, ruwa ya wuce, gishiri ya tsaya. Masana biyu, Loeb da Sourirajan, su ne suka ƙera tantanin da ya yi amfani, a Kalifoniya ta Amurka wajen 1960. Kafin nan dafa ruwan teku ake yi a tara tururinsa, abin da ke cin mai ƙwarai. Yanzu kuwa kilowat-awa 3 zuwa 4 na lantarki sun isa a tace lita 1,000 na ruwan teku, wanda kowace lita tasa ke ɗauke da gishiri kamar giram 35. Shi ya sa Saudiyya take shayar da Jidda da Makka daga Bahar Maliya.

Amma Bauci ba ta da teku. Ruwan garin daga madatsar Gubi yake zuwa, ruwan daɗi ne, ba gishiri. Ciwon Bauci daban ne: tsofaffin bututu masu yoyo, ɗaukewar wuta, da sababbin unguwanni waɗanda famfo bai kai ba. Ga shi garin yana kan dutse, rijiya ba ta ba da ruwa da yawa da rani. A 2014 Bankin Duniya ya amince da rancen gyaran ruwan birane wanda ya haɗa Bauci da Ekiti da Ribas. Duk da haka, a 2021 Jihar Bauci tana cikin waɗanda kwalara ta fi yi wa ɓarna.

Sa'an nan injin yana da nasa nauyi. Ba ya tashi sai da wuta, yana zubar da wani kashi na ruwan da aka zuba masa, tantanin kuma daga ƙasashen waje ake sayo shi, yana toshewa, sai an sake.

Inda zai yi rana shi ne asibitoci, da masana'antun ruwan leda, da wuraren da ruwan ƙasa ke ɓata haƙoran yara, kamar Kaltungo ta Jihar Gwambe, musamman in an haɗa shi da lantarkin hasken rana.

Don haka ƙungiyoyin 'yan Bauci da ke Kudu, in za su tara gudummawa, su fara sa a gwada ruwan unguwarsu tukuna. In ƙazanta ce, sinadarin kulorin da gyaran bututu sun fi araha. Su kuma matsa wa wakilansu lamba a kan famfo, gama nan ne lafiyar iyalin da suka bari a gida take.