An Bar Jaki Ana Dukan Taiki

A bakin wata kwana da ke Tudun Wada, a nan birnin Gombe, akwai wata rumfar kwano wadda duk ɗalibin da yunwa ta taɓa kora daga ɗaki cikin dare ya san ta. Mai rumfar yana suyar dankalin Turawa da doya da ƙwai, ga kuma butar shayi wadda ba ta sauka daga kan garwashi tun la'asar sakaliya har dare ya raba. Buzu muke ce masa shekara da shekaru, alhali kuwa bawan Allahn nan ba abin da ya haɗa shi da Abzin. Ba'adare ne daga ƙasar Tawa ta Jamhuriyar Nijar, Hausa ya sha a nono, irin Hausar nan mai "tahi" da "hwari" da muke tsayawa gaban allo muna kwatanta wa ɗalibai a darasin karin harshe.

Abin da ya sa muka ɗauki alƙalami shi ne, wasu masu faɗa-a-ji na unguwar, cikinsu har da 'yan boko irinmu, sun kai ƙara wajen mai unguwa suna neman a tashe shi. Wai rumfarsa matattarar 'yan Kalare ce, wai kuma baƙo ne wanda ba a san asalinsa ba, balle yanzu da ƙasarsa ta fice daga ƙungiyar ECOWAS a farkon 2025.

To, mu fara da maganar baƙunta, domin gwano ba ya jin warin jikinsa. Shin Gomben da muke tinƙaho da ita shekararta nawa? Masarautar da Modibbo Bubayero ya kafa a zamanin jihadi a Gombe Abba take da mazauni. Turawa suka mai da ita Nafada a 1913, sa'an nan aka dawo da ita nan Doma a 1919. Auduga da gyaɗa suka cika garin da mutane, musamman bayan da aka kafa injin gurzar auduga a 1956, wanda har yau akwai unguwa mai amsa sunan BCGA, kana jirgin ƙasa ya iso a 1963. Kanawa da Katsinawa da Barebari da Yarbawa da Ibo suka kwararo, suka tarar da Fulani da Bolawa da Terawa, aka zauna. A tsai da masu ƙarar nan ɗaya bayan ɗaya, a tambayi kowa inda aka binne kakansa, sai a ga ko mutum nawa ne za su nuna maƙabartar da ke cikin garin nan.

Ba mu ce tsoron jama'a ba shi da tushe ba. Dattawa ba su manta da tarzomar Maitatsine ta Pantami a 1985 ba, mu kuma kunnuwanmu sun ji ƙarar bam ɗin tashar Dukku a ƙarshen 2014. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya zabura. Amma fa 'yan Kalare 'ya'yanmu ne na cikinmu, kuma kowa ya san waɗanda suka yi kiwonsu don yaƙin zaɓe, suka saya musu adduna da ƙwaya, suka watsar da su bayan an rantsar. Waɗannan ba a kai ƙararsu wajen mai unguwa, gaishe su ake yi a durƙushe. Sai mai kasko, wanda iyakar laifinsa shi ne ya sayar wa mai yunwa doya ta naira ɗari biyar.

Mai karatu, zo mu dubi abin da ake son rushewa. Idan wuta ta ɗauke, fitilar rumfar nan ce kaɗai hasken layin, ita ce ma'aikaciyar jinya mai dawowa daga aikin dare take dosa kafin ta sha kwana. A kan bencinsa ɗan acaɓa da malamin jami'a da mai gadi suke zama kafaɗa da kafaɗa suna sauraron rediyo, suna gardamar ƙwallo da ta farashin masara, abin da a da zauren maigida yake yi, kafin mu kewaye gidajenmu da dogayen katangu da ƙofofin ƙarfe. Wajensa ake barin mabuɗi da saƙo. Dankalinsa daga Filato yake zuwa, doyarsa daga Taraba ko Binuwai, ƙwansa daga gonakin bayan gari, yaransa biyu kuwa ɗaya ɗan unguwa ne, ɗaya maraya ne da rikicin Boko Haram ya koro daga Yobe.

Sai kuma littafin bashi. A farkon 2023, lokacin canjin kuɗi, sa'ad da mutum yake da dubbai a banki amma ba shi da ko sisi a aljihu, mun ga magidanta masu manyan riguna suna raɓowa bayan sallar isha'i, suna magana ƙasa-ƙasa. Bai tambayi kowa takardar shaidar ɗan ƙasa ba. Ya zuba, ya barbaɗa yaji, ya ƙulle a leda, ya rubuta. A ƙarshen kowane zangon karatu ma haka yake yi wa ɗalibanmu idan guzuri ya ƙare.

Yana da nasa aibin, ba mu ɓoye ba. Yakan maimaita mai har ya yi baƙi, kuma ruwan wanke-wankensa yana kwanciya a bakin hanya. Wannan aikin duba-gari ne, magana ɗaya ta isa.

Abin da ya fi ba mu takaici shi ne gajeren tunani. A 1969 gwamnatin Busia ta kori baƙi daga Gana, Hausawan zango da yawa suka dawo da ƙullin kaya a ka, suka bar gidaje da rumfunan da suka yi shekaru suna ginawa. A 1983 gwamnatin Shagari ta yi wa baƙin Nijeriya irin wannan kora, kuma ba mu ga arzikin da ta ƙara mana ba. Yau ɗin nan 'ya'yanmu suna can Ikko da Fatakwal da Anaca, kowa da tukubar tsirensa ko teburin shayinsa. Duk ranar da aka ƙona wa ɗayansu rumfa, mu ne masu rubuta zafafan maƙalu a kan ƙabilanci. Da wane bakin za mu yi kukan gobe?

An ce mai unguwa zai saurari ƙarar bayan sallar Juma'a. In Allah ya kai mu za mu je, mu da ɗalibanmu, kuma roƙo ɗaya za mu yi: kafin a yanke hukunci, a ɗauko littafin bashin nan, a buɗe shi gaban jama'a, a karanta sunayen da ke ciki da babbar murya, da abin da ake bin kowa, tun daga shafin farko.