Zaxxon Ya Dawo, Ina Namu Kaset-kaset?

A shekarar 1982 kamfanin Sega na Japan ya fito da Zaxxon, wasan harbi wanda ake tuƙa jirgin yaƙi ana hangen fagen fama a karkace, ta yadda ido zai ga tsawo da zurfi. Inuwar jirgin a ƙasa ce take taimaka wa mai wasa ya gane ko zai tsallake katanga. A 2009, bayan shekara 27, Sega ta sake sanya shi cikin tarin tsofaffin wasanninta na PlayStation 3 da Xbox 360, saboda ta adana asalinsa.

Mai karatu, leƙa shagunan tura waƙoƙi a waya daga Illela zuwa Birnin Ƙonni. Muryar Narambaɗa da ta Ɗan Anace suna yawo a katin waya, an kwafa daga kwafe har sauti ya dushe, asalin kaset ɗin kuwa ƙura da zafin rana suna cinye shi. Ya kamata Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da Hukumar Tarihi ta Waziri Junaidu su tattaro su daga hannun dattawa, su mayar da su cikin kwamfuta tun kafin zaren ya tsinke.