Kafin ka sayi sabuwar amfilifaya, nemi sukundireba

Duk wanda ya taɓa zama a gidan biki a Agadez ko Yamai ya san jitar lantarki ta zama 'yar gida. Bombino da Mdou Moctar da Etran de l'Aïr sun kai kiɗan nan Turai da Amurka, kuma a bayansu ga samari nan birjik suna koyo, kowa da jitarsa ta gwanjo ko 'yar China. Gyaran kayan kiɗa ne sana'ata, kuma kukan da na fi ji daga bakin yaran nan ɗaya ne: "Malam, jitata ba ta da murya, sai na canza mikro, sai na samu babbar amfilifaya." Ni kuwa a ganina yawancinsu ba su kai ga sayen komai ba tukuna. Abin da ke kashe musu murya yana nan a ƙarƙashin tsirkiya, kuma ƙaramar sukundireba ta isa ta gyara shi.

Mikron jita ba ya jin sauti yadda kunne ke ji. Maganaɗisu ne da aka naɗe da siririyar wayar tagulla, naɗi dubbai. Idan tsirkiyar ƙarfe ta girgiza a samansa, sai 'yar wuta kaɗan ta taso a cikin wayar, ita ce amfilifaya ke ƙara wa ƙarfi. Saboda haka tazarar da ke tsakanin tsirkiya da mikro tana da hannu a kusan komai: ƙarfin sauti, kaurinsa, da daɗewar da yake yi kafin ya mutu. A kowane gefe na mikron akwai sukuru ɗaya da ke ɗaga shi ko sauke shi. Mutum sai ya shekara yana kiɗa bai taɓa su ba, wani kuma ya taɓa su sau ɗaya, ya ɗaure su har ƙurya.

Na biyun nan shi ya fi damuna. Ya lura cewa in mikro ya matso kusa da tsirkiya sauti na ƙaruwa, sai ya ɗaga shi har ya kusa gogar ta. To amma maganaɗisun da ke sauraron tsirkiya shi ne kuma ke jan ta. In ya matso da yawa sai ya hana ta sakewa, kamar mawaƙin da aka riƙe wa wuyan riga. Sautin ya mutu da wuri, manyan tsirkiyoyi su riƙa rawar murya, musamman in an danna su can kusa da jikin jita, har ka rantse ba a ɗaure su daidai ba alhali an ɗaure. Matsalar ta fi bayyana a jita samfurin Stratocaster, wadda kamfanin Fender ya fitar a 1954, domin tana da mikro uku kuma a na asali kowace tsirkiya da nata sandan maganaɗisu a ƙarƙashinta. Galibin jitocin da ke shigowa kasuwanninmu kwaikwayonta ne. Kiɗan Agadez kuwa ya dogara ga tsirkiyar da ake bari a buɗe tana amo a ƙasa yayin da yatsu ke gudu a sama. In wannan amon ya gajarta, rabin daɗin ya tafi, kome gwanintar makaɗi.

In kuma mikron ya nutse da yawa, sauti ya yi siriri, ba jiki, sai an ƙure amfilifaya, ita kuma ta kawo nata ƙugin.

Ga inda nake farawa. Danna tsirkiya a kan ƙarfen ƙarshe na wuyan jita, ka duba tazarar da ke tsakanin ƙasanta da kan mikro. Ma'aunin da Fender ke bayarwa ga mikro irin na da shi ne kusan milimita 2.4 a gefen babbar tsirkiya, milimita 2 a gefen ƙarama. Mikro mai layi biyu, irin wanda Seth Lover ya ƙirƙira wa Gibson kuma ya hau jitocinsu a 1957, yana jure kusanci fiye da haka, har wajen milimita 1.6 ga na kusa da jaki, wato inda tsirkiyoyi ke hawa a jikin jita. Wanda ba shi da rula ya yi amfani da katin banki: kaurinsa milimita 0.76 ne, guda uku a haɗe sun kai kusan 2.3, guda biyu kusan 1.5.

Waɗannan alƙaluma wurin farawa ne kawai, kuma ba na yarda da wanda zai ce an auna shi ke nan an gama. Jitar da aka sa wa tsirkiya mai kauri daban take da mai siririya. Mai kaɗawa da yatsa a hankali daban yake da mai duka da ƙarfi. Maganaɗisun jitoci masu araha ma sau da yawa ba irin na asali ba ne. Don haka bayan awo sai a kunna amfilifaya a sauti tsaftatacce, ba tare da wata na'urar ƙawata murya ba, a juya sukuru rabin zagaye, a kaɗa, a saurara, sannan a ƙara. A lura da ido ko juyin ya ɗaga ne ko ya sauke, domin ba duk jitoci ke tafiya hanya ɗaya ba. Gefen manyan tsirkiyoyi a bar shi ƙasa kaɗan, tunda sun fi ƙarfe yawa kuma sun fi faɗin girgiza. Mikron da ke kusa da wuya shi ma a sauke shi fiye da na kusa da jaki, saboda a nan ne tsirkiya ta fi lilo. In an dace, za ka sauya daga wannan mikro zuwa wancan a tsakiyar waƙa ba tare da sauti ya yi tsalle ko ya faɗi ba.

Na san abin da makaɗin biki zai ce, kuma yana da gaskiyarsa. A fili yake kiɗa, ga janareto na ruri, ga ganga, ga guɗa, amfilifayarsa kuwa ƙarama ce. Yana neman ƙarfi ta kowace kafa. Sai dai ƙarin da ɗaga mikro ke bayarwa kaɗan ne, kuma ƙaramar amfilifaya da aka cika wa ciki dagulewa take yi, jama'a su ji hayaniya ba su rarrabe waƙa ba. Ya fi masa ya ɗauke amfilifayar daga yashi ya ɗora ta kan kujera tana fuskantar mutane. Sauti mai tsabta da ya tashi daga tsayin ƙugu yana isa bayan taro fiye da dagulallen da ke bugun ƙafafun 'yan sahun gaba.

Akwai ranar da canza mikro ke zama dole, in wayar ciki ta tsinke ko tsatsa ta cinye shi. Kafin a kai nan, duk lokacin da aka sa sabuwar tsirkiya mai kauri daban, ko aka taɓa tsayin jaki, a sake duba tazarar, domin ta motsa. A kuma share kan mikron da busasshen ƙyalle, musamman da hunturu, tunda maganaɗisu na tara ɓurɓushin ƙarfe da ke cikin ƙura. Wanda ke tsoron ɓata abu ya rubuta awon da ya tarar kafin ya juya sukuru, in sabon bai yi masa ba ya mayar da shi inda yake.