Tasu "kantiri", tamu ƙauyanci?

Ƴan uwa ɗalibai, akwai maganar da ta kai ni maƙoshi: wai Hausa ba ta dace da waƙar rabuwa da masoyi ba, sai Turanci ko Faransanci. Masu faɗin haka su ne za ka iske salularsu cike da Taylor Swift, amma da an saki kiɗan gurmi sai su yamutsa fuska, wai ƙauyanci.

To mu duba abin da suke saurare. Waƙar Taylor Swift ta farko ta fito a 2006, tana da shekara 16. Irin kiɗan ana ce masa "kantiri", kalmar kuwa karkara take nufi, don daga ƙauyukan Amurka ya taso. Labarin waƙar gajere ne: saurayinta zai tafi jami'a, ta san rabuwa ta zo. Ba ta kama sunansa ba. Sunan wani mawaƙi, Tim McGraw, ta sa wa waƙar, don duk sadda yaron ya ji muryar mawaƙin ya tuna da ita.

Don Allah mine ne wannan in ba sakaya zance ba? Kakanninmu mata sun riga ta, a bakin turmi da dutsin niƙa da dandalin gaɗa. Macen da kunya ta hana ta faɗin sunan mijinta ta iya jefa habaici a waƙa, wanda anka yi dominsa ya gane, surukuwa na zaune ba ta ankara ba. Kalmomin ma muna da su. Kewa ita ce giɓin wanda ka saba da shi. Bege kiran wanda ya yi maka nisa ne. Samarin yau sun ƙaro "tsohuwar zuma". Harshen da ya rarrabe waɗannan ne za a ce ya gaza?

Ba Hausa ta gaza ba, mu ne. Saurari yawancin waƙoƙin soyayyar da situdiyo ke fitarwa: zuciya, ruhi, hawaye, a sake juyowa zuciya. Ba gari, ba hanya, ba damina. Waƙar yarinyar nan ta kama mutane ne don ta sa tsohuwar motar saurayin da tufafin da take sawa a ciki.

Mu a Dakoro labari ne ya yi mana ƙaranci? Ana gama girbin hatsi samari su cika tasha, wasu Kano, wasu Agadas, wasu Libiya, wasu haƙar zinariya a Jado. Yaro ya tafi neman sadaki, ya yi shekara biyu, ya dawo ya iske an ɗaura mata aure, ta wuce shi a hanyar rijiya da goyo, gaisuwa ma sai da ido. Ita kuma in ta kuskura ta rera abin da ke ranta, a ce ba ta da kunya. Wa ya waƙe wannan?

Masu alƙalami da masu murya, hutu na tafe. Ku zauna gaban tsofaffin gidanku da salular nan taku, ku ɗauki waƙoƙin daka tun masu su na raye. Sannan ku rubuta taku, da motar Kornaka da ƙurar hunturu a ciki.