Daga TikTok zuwa kwangilar dala miliyan 920: abin da waya ta yi wa gasar ƙwallon kwandon mata a Amurka

Duk watan Maris, jami'o'in Amurka kan shiga wata gasar ƙwallon kwando da suke kira March Madness, wato haukan Maris. Tsarinta sili-ɗaya-ƙwale ne: ƙungiyoyi 68, wadda aka doke ta tattara kayanta ta koma makaranta. Hukumar wasannin jami'o'i ta NCAA ce ke shirya ta maza da ta mata, kuma ta matan ta faro tun 1982. Amma har zuwa 2021 ba a yarda gasar mata ta yi amfani da sunan March Madness ba, na maza ne kaɗai.

A Maris na 2021, lokacin korona, an killace ƙungiyoyin mata a birnin San Antonio na jihar Texas, na maza kuma a Indianapolis. Wata 'yar wasan jami'ar Oregon, Sedona Prince, ta ɗaga wayarta ta yi bidiyon da bai kai minti ɗaya ba ta ɗora a TikTok. Ta nuna abin da aka ajiye wa mata a matsayin kayan motsa jiki: 'yan ƙananan ƙarafan ɗagawa a kan maratayi ɗaya. Sannan ta nuna makeken zauren maza cike da injina. Hukumar ta riga ta ce rashin fili ne ya jawo haka, sai Prince ta juya kyamara ta nuna fili fetal babu komai a cikinsa. Wannan juyawar kyamarar ita ce ƙarfin bidiyon. Ba ta yi zagi ba, ba ta sa kiɗan tausayi ba, uzurin da aka bayar kawai ta kashe da hoto. Miliyoyin mutane suka kalla, manyan 'yan wasa irin su Stephen Curry suka sa baki, cikin kwana biyu aka kawo kayan motsa jiki na gaske.

A nan yawancin masu ba da labarin suke tsayawa, su ce ka ga ikon waya. Ni a ganina, da a nan maganar ta tsaya da tuni an manta da ita, kamar yadda muke manta abin da ya tayar da ƙura a X makon jiya. Abin da ya sa ta ɗore shi ne aikin da ya biyo baya, wanda ba shi da daɗin kallo ko kaɗan. Hukumar ta ɗauko wani kamfanin lauyoyi, Kaplan Hecker & Fink, ya binciki yadda take tafiyar da gasannin biyu. Rahoton ya fito a Agustan 2021, kuma abin da ya fi ɗaukar hankali a ciki lissafin kuɗi ne. A lokacin tashar ESPN tana biyan kimanin dala miliyan 34 a shekara don nuna gasanni 29 a dunƙule, har da ta ƙwallon kwandon mata. Rahoton ya ƙiyasta cewa gasar matan ita kaɗai za ta iya kawo tsakanin dala miliyan 81 zuwa 112 a shekara. Ashe an daɗe ana sayar da kayan a araha, sannan a dawo a ce ba ya kawo riba.

Daga 2022 gasar mata ta samu sunan March Madness, aka ƙara ƙungiyoyinta daga 64 zuwa 68 daidai da na maza. A Janairun 2024 ESPN ta sa hannu a sabuwar kwangila ta shekara takwas kan dala miliyan 920, inda aka yi wa gasar matan ƙimar dala miliyan 65 a shekara. Bai kai ƙiyasin lauyoyin ba, kuma har yanzu a dunƙule aka sayar da ita tare da sauran wasanni, abin da ni dai nake ganin ragon azanci ne. Bayan wata uku kacal wasan ƙarshe tsakanin South Carolina da Iowa, wanda South Carolina ta ci 87 da 75, ya tara masu kallo kusan miliyan 18.9. Na maza a wannan shekarar ya samu miliyan 14.8. Karo na farko ke nan da mata suka wuce maza.

To, mai karatu zai ce ai Caitlin Clark ce ta jawo wannan. Da gaskiyarka. Jifanta daga nesa tamkar don gajeren bidiyo aka ƙirƙire shi: daƙiƙa shida, ƙwallo ta faɗa kwando, ka sake kallo, ka tura wa aboki. Manhajojin da ke zaɓo maka abin kallo suna son fuska ɗaya da za su yi ta maimaita maka, Clark kuwa ta dace da su. Da ta koma gasar ƙwararru ta WNBA, wasan ƙarshe na 2025, wanda UConn ta lallasa South Carolina 82 da 59, ya sauko zuwa wajen miliyan 8.5. Fiye da rabin 'yan kallo sun watse. Sai dai kwangilar tana nan, sunan yana nan, kuma a Janairun 2025 aka amince a fara biyan kuɗi kan kowane wasa da ƙungiyar mata ta buga a gasar, daga asusun da ya fara da dala miliyan 15. Maza sun shafe shekaru da dama suna cin wannan moriyar. Ko manhaja ta daina nuna maka 'yan wasan, wannan kuɗin zai shiga.

Mu ma mun ga makamancin haka. A Oktoban 2021 'yan wasan D'Tigress, waɗanda da yawansu a jami'o'in Amurka suka goge, sun saki bidiyo suna kukan alawus ɗin da ba a biya su ba. Bidiyon ya zagaya, an yi ta sharhi. Tambayar da ya kamata mu riƙa yi bayan irin wannan ƙurar ita ce wace takarda aka sa wa hannu, nawa aka rubuta a ciki, kuma wa zai bibiya bayan shekara ɗaya.

Akwai kuma ɓangaren da ya shafe mu kai tsaye, mu masu riƙe da waya. Wayar da ta ɗaga gasar ita ce dai ake bi ta cikinta a ci zarafin 'yan wasan. Angel Reese ta LSU, wadda ƙungiyarta ta ci kofin 2023, ta faɗa wa 'yan jarida cikin hawaye a 2024 cewa tun bayan nasarar ake aiko mata da barazanar kisa. Binciken da NCAA ta sa aka yi a shekarar ya nuna cewa 'yan ƙwallon kwando mata sun samu barazana a kafafen sada zumunta kusan ninki uku na abin da takwarorinsu maza suka samu, kuma wani kaso na zagin daga 'yan caca ya fito, waɗanda suka yi asarar kuɗi a manhajojin caca sai suka huce a kan ɗaliba 'yar shekara ashirin. Shugaban hukumar, Charlie Baker, ya nemi jihohi su haramta cacar da ake ɗorawa kan ƙwazon ɗan wasa guda, irin ta maki nawa wance za ta ci a daren yau. Ina goyon bayansa. Kamfanonin sada zumunta kuwa, da suke cin ribar kowane bidiyon Reese da Clark ta hanyar talla, bai kamata su bar wa ɗaliba aikin toshe masu zaginta ɗaya bayan ɗaya da hannunta ba.