Mai tafiya, batir za ka fara saye kafin talabijin

Yau maganata da ku ce 'yan uwana 'yan kasuwa, maza da mata, musamman waɗanda sana'arsu ba ta barin su su kwana gida: masu bin kasuwannin mako daga Baleyara zuwa Bonkuku, daga Filinge zuwa Abala da Sanam, da direbobin manyan motoci, da dillalan dabbobi, da mata masu tuwo da shayi da ke kafa rumfa a tasha ko a bakin kara. A da, kakanninmu fatake da jakuna da raƙuma suke bin ayari, abin hirarsu da dare bai wuce labarin madugu a gindin wuta ba. Ayarin yau mota ce, kuma da yawa daga cikinmu sun fara ɗora talabijin da parabol a kan kaya, domin a ga labarai da ƙwallo da fim a duk inda aka yada zango.

Babu laifi a cikin wannan. Abin da ke damuna shi ne yadda muke sayen kayan. Mutum zai shiga kasuwa a Yamai, idonsa ya faɗa kan talabijin mai faɗin ƙofar ɗaki, ya zube kuɗin adashen wata shida, sai ya iso Kurfai sannan ya tuna bai tanadi wutar da za ta kunna ta ba, bai kuma tambayi abin da zai kamo mata hoto ba. Ni a ganina mun juya ciniki ne, mun fara daga wutsiya. Mai tafiya wuta zai fara lissafawa, sannan eriya, talabijin ita ce ta ƙarshe, kuma ƙarama ce ta dace da shi.

Wannan ba sabon ilimi ba ne a ƙasarmu. Tun a 1964 Nijar ta fara koyar da yara ta talabijin, kuma tana cikin ƙasashen farko da suka gwada kunna talabijin da hasken rana a makarantu. Da aka buɗe Tele Sahel a 1979, zamanin Janar Seyni Kountché, wanda ɗan Fandu ne nan yankin Filinge, an rarraba wa garuruwa talabijin ta jama'a, da yawansu da farantin sola da batir, ana taruwa da dare a filin samariya ana kallo. Dattawanmu za su tuna. Waɗanda suka tsara wancan aiki sun san ƙauyuka ba su da kuran, shi ya sa suka fara da tambayar wuta. Shekaru fiye da 40 bayan haka, ga shi mu muna manta darasin.

Wani zai ce ai yanzu akwai NIGELEC a manyan garuruwa. Haka ne, amma mai bin kasuwanni ba kullum yake kwana inda waya ta kai ba, kuma ko inda ta kai mun ga abin da ya faru. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, Najeriya ta yanke wutar da take turo mana, wadda a lokacin ita ce kusan kashi 70 cikin 100 na abin da ƙasa ke amfani da shi, ba a maido ta ba sai a 2024 bayan an ɗage takunkumi. A watannin nan, mai ƙaramin sola ya ci gaba da kallonsa yana kuma yi wa maƙwabta cajin waya, mai babbar talabijin kuwa ya lulluɓe ta da zane.

To bari mu yi lissafi irin namu na kasuwa. Kowace na'ura akwai takarda a bayanta da aka rubuta yawan wutar da take ci, ana auna shi da wat. Talabijin ta zamani mai inci 24 tana cin kimanin wat 30, dekoda kuma kimanin 10. Idan ka yi kallon awa 4, ka ci 160 ke nan. Ƙara ƙwan fitila biyu da cajin wayoyi, ka doshi 250 a dare ɗaya. Batir mai bolt 12 da amfiya 100 yana ɗauke da 1,200, amma irin na ruwa ko na jel ba a son a sha fiye da rabinsa, in ba haka ba ba zai yi tsawon rai ba. Wato 600 ne naka. Da ƙaramar talabijin, wannan ya ishe ka dare biyu ko da hadari ya rufe rana. Amma mai inci 50 tana iya cin wat 100 ko fiye, kuma sai ka haɗa ta da inbata, wadda ita ma tana shan nata kaso. A dare ɗaya ka kusa ƙarar da batirin, gobe ka sake, jibi ka sake, kafin shekara ta zagayo kana neman sabo. Kuɗin batirin da za ka riƙa canzawa sai ya ninka kuɗin talabijin ɗin.

Saboda haka, ka nemi talabijin da ke aiki kai tsaye da bolt 12, irin wadda ake haɗawa da batir ba tare da inbata ba. Girmanta daga inci 19 zuwa 24 ya isa. Mutum goma za su zauna gabanta su gani sarai, tana shiga kwalinta, tana shiga buhu, yaro ma zai ɗauke ta. Duk wanda ya bi hanyar laterit da ke fita daga Filinge zuwa ƙauyuka ya san irin girgizar da kaya ke sha. Gilashin babbar talabijin da ya tsage ba ya gyaruwa, sai dai a sake, kuma kuɗin sakewa kusan kuɗin sabuwa ne.

Wajen sayen batir da faranti, a nan ne ake yi mana sakiyar da ba ruwa, domin rubutu ba ya da wuya a manna. Amma mu mutanen sikeli ne, mu yi amfani da shi. Batir na gaskiya mai amfiya 100, in na ruwa ne ko na jel, nauyinsa yana kusa da kilo 30. Idan ka ɗora shi a sikeli ka ga kilo 15, to rubutun ƙarya ne, komai kyan kwalinsa. Batirin litiyom shi daban ne, bai kai haka nauyi ba, ana iya shan kusan duk abin da ke cikinsa, ya fi daɗewa, sai dai ya fi tsada. Shi ma farantin sola na wat 100, tsawonsa kimanin mita ɗaya ne, faɗinsa ya ɗan wuce rabin mita. Wanda ya miƙo maka ɗan faranti kamar faifan tankaɗe ya ce wat 200 ne, ka yi masa godiya ka wuce. Faranti na gaskiya mai wat 100 yana iya ba ka kimanin 400 a yini mai rana, wanda ya rufe bukatar ƙaramar talabijin har da saura. Kada ka bar na'urar daidaita caji, wadda ake sawa tsakanin faranti da batir, don rowar 'yan jikkuna. Ita ce ke hana batir ƙonewa. Ka riƙa share ƙurar hunturu daga farantin kowace safiya, ka ajiye batir a inuwa, domin zafin watan Afrilu da Mayu da ke wuce digiri 40 yana rage masa kwana.

Sai maganar abin da zai kamo hoto. Hanya biyu ce. Ta farko eriya ce ta kan sanda, wadda ke kamo tashoshi daga turken watsa shirye-shirye na ƙasa. Tun da duniya ta koma tsarin dijital, wanda a nan ake kira TNT, tsofaffin talabijin ba sa kama shi sai da dekoda. Ka duba bayan kwali, ka tabbatar an rubuta DVB-T2. Kayan okaziyo da ake kawowa daga Turai, wasunsu tsohon tsari ne mai T kawai babu 2, za su kunnu amma ba za su kamo komai ba. Na Amurka kuwa tsarinsu daban, wutarsu ma bolt 110 ce, tamu 220. Kuma ka sani eriya ba ta da dogon hannu. Idan ka yi nisa da turke da 'yan kilomitoci masu yawa, ko ka sauka cikin kwarin Dallol Bosso duwatsu suka tare, hoto sai ya tsaya ko ya ɓace gaba ɗaya, domin dijital ba ta san dishi-dishi ba, ko ta zo garau ko kada ta zo. Filinge kanta kimanin kilomita 180 take daga Yamai. Kafin ka sayi eriya, tambayi mutanen garuruwan da kake sauka ko tasu tana kamawa. Amsarsu ta fi ta mai kanti.

Ta biyu ita ce parabol, kwandon nan da ke kamowa daga tauraron ɗan'adam. Ita ce ta dace da daji, domin tauraron yana sama kimanin kilomita 36,000 a kan tsakiyar duniya, duk inda kake a Kurfai yana ganinka. Mu da muke arewa da tsakiyar duniya, kwandonmu kudu yake fuskanta, wani tauraron ya karkata gabas, wani yamma. A nan rubutun da za ka nema shi ne DVB-S2, kuma akwai talabijin da ke ɗauke da T2 da S2 duka a cikinta, ba ka bukatar dekoda daban. Wannan ita ce ta mai tafiya: waya ta ragu, cin wuta ya ragu, abin da zai lalace ya ragu. Kwando mai santimita 60 zuwa 90 ya fi sauƙin ɗauka, amma wasu taurari ba sa kamuwa sai da babba, don haka ka fara yanke tashoshin da kake so, Tele Sahel ne, Arewa24 ce ta Kano, tashoshin wa'azi ne ko na ƙwallo, sannan mai gyara ya gaya maka tauraron da suke kai da girman kwandon da zai kamo shi.

Wahalar parabol ita ce saiti. Idan ta goce ko da faɗin yatsa ne, hoto ya tafi. Mai zama wuri ɗaya sau ɗaya yake biyan mai gyara, amma kai da kake tashi kowane mako ba za ka riƙa biya kullum ba. Ka sayi ƙaramar na'urar neman sigina, ka sa mai gyara ya koya maka ko ya koya wa yaronka, ka yi alama da fenti a jikin ƙarfen inda aka ɗaure, ka kafa ƙafar kwandon cikin tsohuwar taya ko ka danne ta da buhun yashi. Da damina, idan hadarin gabas ya taso, sauke ta kafin iska ta sauke maka. Ruwa mai ƙarfi yana ɗauke hoto na ɗan lokaci, wannan ba lalacewa ba ce, kada wani ya karɓi kuɗin gyara a kai.

Game da biyan kuɗin wata, irin na Canal+ ko StarTimes, shawarata ita ce ka ninka kuɗin sau 12 kafin ka ce dekodar ta yi araha. Idan gidan kallo za ka buɗe, ƙwallon Turai zai iya biyan kuɗin. Idan kuwa kai da yaranka ne kawai, tashoshin kyauta sun wadatar. Kada kuma ka sayi kaya don tasha ɗaya tak, domin tasha tana iya ɓacewa ba da laifinka ba, kamar yadda hukumomi suka dakatar da France 24 da RFI a watan Agustan 2023. Ka tabbatar talabijin ɗinka tana da ƙofar kile, domin ranar da babu sigina, fim da karatu da aka zuba maka a kasuwa su ne za su riƙe dare.

Na san wasu za su ce, wai duk wannan wahala ta mece ce, ga rediyo ga waya? Suna da gaskiya rabi. Wanda ba ya kwana biyu a wuri ɗaya, yau Baleyara ran Lahadi gobe wani gari, rediyo da waya sun ishe shi, kafa parabol ɓata lokacin ciniki ne. Amma wanda ke yin mako ko wata a zango ɗaya, ko uwargida mai rumfar abinci a tasha, talabijin jari ce a gare su. Inda hoto ke motsi nan mutane ke zama, wanda ya zauna kuwa zai sha shayi na biyu, zai ba da cajin waya. Batirin da ke kunna talabijin shi ne ke kunna fitilar da ke ba ki damar sayarwa har bayan isha'i.

Akwai kuma abin da bai kamata mu ɓoye wa juna ba. Jiharmu ta Tillaberi tana fama da rashin tsaro, tun a 2017 aka kafa dokar ta-ɓaci a wasu sassanta, ciki har da Abala. A irin wannan hali, babbar talabijin da ƙarar janareta cikin dare shela ce kake yi cewa ga dukiya nan. Ƙarama mai batir ba ta da ƙara, kuma idan tashi ya kama, cikin minti biyar ka naɗe kayanka. Wannan kaɗai ya isa dalili.

Ga 'yan uwanmu masu sayar da waɗannan kaya, ku ji tsoron Allah, ku riƙa tambayar mai saye inda zai kai kayan da wutar da yake da ita, ku gwada masa a gabansa, ku ba shi rasiɗi. Riba ɗaya da ta kori mai saye har abada hasara ce. Ga hukuma kuma, muna roƙo a sa ido kan batura da farantan jabu tun daga kan iyaka, a kuma ƙara faɗaɗa TNT zuwa karkara, domin talaka ya kama tashar ƙasarsa da eriya mai araha.

Ku kuma masu saye, ranar da kuɗin adashe ya zo hannu, ku raba shi uku kafin ku shiga kanti: kaso mafi girma na faranti da batir, na biyu na parabol ko eriya, abin da ya rage shi zai nuna muku girman talabijin da za ku iya riƙewa. Hausawa sun ce sayen nagari mai da kuɗi gida. Allah Ya ba mu kasuwa mai albarka, Ya kiyaye hanya, Ya maido mana da zaman lafiya a Kurfai da ƙasa baki ɗaya, amin.