Shawarar Wata: Taimakon makaranta sai da kaka

Kaka ta yi. An yanke hatsi, an ɗaure dammuna, rumbuna sun cika. Wake da gujiya sun fara shiga kasuwa. Yanzu ne ya kamata kowane gari ya tuna da makarantarsa.

A ƙauyuka da yawa makaranta ƙarama ce: aji ɗaya ko biyu, malami ɗaya, yara 30 ko 40. Ƙanƙantarta ba aibi ba ne. Malam ya san kowane yaro da sunansa da gidansu. Ya san mai saurin ganewa, ya san wanda sai an zauna da shi an maimaita masa. In yarinya ta kwana biyu ba ta zo ba, zai je ya tambayi uwarta. Amma malam shi kaɗai ba ya iya kafa rumfar aji, ya sayi alli da kaye, ya kawo randar ruwa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Me ya sa sai da kaka?

Domin da kaka ne manomi yake da abin hannu. Wanda aka tambaya dala 20 cikin watan Yuli zai ce bari a ga damana. Shi ɗin dai, cikin Nuwamba, yana iya ba da tiya biyu ta hatsi bai ji komi ba. Amma kada a yi jinkiri. Masu bashi suna tafe, bukukuwa suna tafe, samari kuma suna shirin tafiya cin rani. In an bari har Janairu, sai a tarar rabin gidaje ba maza.

Wa zai riƙe?

Kwamitin makaranta, wanda mutane suka saba kira Kojes. An gwada wannan tsari a jihar Tawa a shekarar 2004 da taimakon ƙasar Japan, a 2005 aka ce kowace makarantar firamare ta ƙasa ta kafa nata. Taron gari ne yake zaɓen wakilan iyaye. A zaɓi mai amana, ko da ba mai arziki ba ne. Magatakarda kuwa lalle ya zamo ya iya rubutu da lissafi. Nan waɗanda suka yi karatun yaƙi da jahilci suke da aiki.

Yaya ake tarawa?

1. A kira taro, maza da mata, gaban maigari. Malam ya faɗi abin da makaranta take bukata, a zaɓi abu biyu ko uku kawai.

2. Taro ya yanke abin da kowane gida zai bayar. Ga misali: gari mai gida 60, kowane gida tiya 2, an samu tiya 120 ke nan. Tiya 40 buhu ɗaya ce, watau buhu 3.

3. A sa ranar farawa da ranar rufewa. Sati uku sun isa. Abin da ba shi da ranar ƙarewa ba ya ƙarewa.

4. A auna da tiya guda, a gaban mai bayarwa, a rubuta sunansa nan take.

Wanda gonarsa ba ta yi ba, kada a kunyata shi. Yana iya kawo kara, ko ya saƙa zana, ko ya yi kwana ɗaya wajen bugun tubali. Wannan ma a rubuta masa.

Makiyaya su ma suna da yara a aji. In an saki gonaki, dabbobi sun sauko cin kara, sai kwamiti ya same su a ruga. Gida biyu ko uku suna iya haɗa ɗan akuya guda, a sayar ranar kasuwa gaban wakilinsu.

A kula da rubutun kuɗi

Da baki ana ƙirga dala, a takarda ana rubuta faran. Dala ɗaya faran 5 ce. Dala 20 faran 100, jika ɗaya faran 1000. In magatakarda ya rubuta dala yau, gobe ya rubuta faran, lissafi zai rikice, a zargi mutumin kirki da sata. A tsai da abu ɗaya tun daga shafin farko.

Kada a sayar duka

Da kaka hatsi yana da araha, da bazara yake tsada. A sayar da kaɗan don alli da kaye. Sauran a ajiye a ɗaki mai kwaɗo biyu, mabuɗi ɗaya wajen shugaba, ɗaya wajen ma'aji. Wake yana saurin yin ƙwari, sai a sa shi a buhun nan mai leda biyu ciki, ko a fara sayar da shi. Kuɗin bazara shi ne zai sa a buɗe aji cikin Oktoba, yara ba su zauna jiran sabon kara ba.

Abin da ya yi saura a tara shi don ginin ƙasa. Rumfar kara tana da haɗari. A shekarar 2021 gobara ta cinye azuzuwan kara a Yamai cikin Afrilu, yara wajen 20 suka rasu. Cikin Nuwamba ta sake faruwa a Maraɗi, aka rasa yara fiye da 20. Kafin a samu gini, a yi wa rumfa ƙofa biyu, a kafa ta nesa da murhu.

Ranar rufewa a sake kiran taro. Magatakarda ya karanta da ƙarfi abin da ya shigo, abin da aka kashe, da abin da ya rage. A aza buhuna inda kowa zai ƙirga. Gani ya kori ji. Garin da ya ga inda tiyarsa ta shiga bana, baɗi ba sai an bi shi gida gida ba.